Yadda Muke Yin Kaciya a Asibiti, da Abin da Ake Tsaro Bayan An Koma Gida

Yawancin masu kawo mana jarirai kaciya a nan Jos bayan suna suke zuwa, yaro yana tsakanin kwana 8 da sati 3, uwa na saɓe da shi, kaka ko gwaggo na biye da jakar kaya. Shi kansa yankan bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Abin da ke cin lokaci shi ne tambayoyi da dubawar da muke yi kafin a ɗauki almakashi, kuma a nan ne ake raba kaciyar da za ta warke lafiya da wadda za ta zama jinya. Kaciya ƙaramar tiyata ce, amma tiyata ce.

Tambayar farko ga uwa take zuwa, ba ga uba ba: "Maman yaro, a cikin 'yan'uwanki maza, ko yayyen wannan yaron, akwai wanda in ya yanke jini ba ya tsayawa? Akwai wanda ya sha wuya wajen kaciya ko cire haƙori?" Dalili kuwa, ciwon rashin daskarewar jini da ake kira himofiliya ta wajen uwa yake biyowa. Ita tana ɗauke da shi lafiyarta lau, sai ya bayyana a jikin 'ya'yanta maza. Saboda haka labarin kawun yaro ya fi na baffansa amfani a wannan wuri. In aka ce akwai, babu yanka sai an gwada jini.

Daga nan sai mu tambayi inda aka haihu. Wanda aka haifa a asibiti galibi an yi masa allurar bitamin K, miligiram 1 a cinya. Wanda aka haifa a gida sau da yawa bai samu ba. Jariri yana zuwa duniya da ƙarancin wannan bitamin, nonon uwa ma ba shi da shi da yawa, alhali da shi jini ke daskarewa. In ba a yi ba, a yi masa tukuna a ɗage kaciyar. Haka nan in cibiya ta yi ta tsattsafar jini bayan ta faɗi, a faɗa mana ko ba mu tambaya ba.

Sai sikeli. Yaron da bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini, jira ake yi ya yi ƙwari. Mai zazzaɓi, mai ƙin kama nono, mai ƙuraje a gindi, da wanda idonsa ya yi rawaya saboda shawara, duk a yi maganin abin da ke damunsu tukuna. Ba abin da ke ɓaci don an ƙara sati biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki kwana 60 na farko a matsayin lokacin da kaciyar jariri ta fi sauƙi, saboda fatar ba ta yi kauri ba, jijiyoyin jini ƙanana ne, kuma galibi ba a buƙatar ɗinki.

Dubawar azzakarin ita ce aikin da bai kamata a yi shi a gurguje ba. Muna neman ƙofar fitsari: tana daidai tsakiyar kai, ko ta sauko ƙasa? Kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300 ana haihuwarsa ƙofar tana ƙasan kai, wani ma a tsakiyar jikin azzakarin ko kusa da maraina. Alamarsa, loɓar ta taru a sama, ƙasa kuwa babu, azzakarin kuma ya ɗan lanƙwasa. Dangi kan ce, "Ai da rabin kaciyarsa aka haife shi, a ƙarasa masa kawai." Wannan shi ne yaron da ba a yi wa kaciya ko kaɗan. Fatar nan da ake son cirewa ita likitan tiyatar yara zai yi amfani da ita ya gyara hanyar fitsarin, yawanci tsakanin wata 6 da wata 18. In an yanke ta an zubar, gyaran ya ƙara wuya. Irin waɗannan muna tura su wajen likitocin tiyatar yara, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Haka wanda azzakarinsa ya nutse cikin kitsen mara, ko ya ƙanƙance ƙwarai, ko fatar maraina ta haɗe da shi, ko akwai babban kumburi a maraina. Uba ya kan ɓata rai in an ce a koma da yaro ba a yi ba, an riga an shirya. Gara ɓacin ran yini ɗaya.

In komai daidai ne, sai a kwantar da yaro. Sanyin Jos ba abin wasa ba ne ga jariri, musamman daga Disamba zuwa Janairu, don haka ƙasan jiki kawai muke buɗewa, ƙirji da kai a lulluɓe, taga a rufe. Mataimaki ya riƙe cinyoyi. A wanke wurin da aidin tun daga mara har maraina, a rufa ƙyalle mai huda wanda aka turara.

Maganar da ake yi cewa jariri ba ya jin zafi ba gaskiya ba ce. Yana ji, bugun zuciyarsa na hawa, numfashinsa na canzawa. Allurar kashe zafi da muke yi lidokain ce mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wadda ba a gauraya da adirenalin ba. Wannan sharaɗi ba a sassauta shi: adirenalin na matse jijiyoyin jini, in ya matse na azzakari naman na iya mutuwa. Iyakar maganin miligiram 3 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Ke nan yaro mai kilo 3 bai wuce mililita 0.9 ba gaba ɗaya. Ana raba ta biyu, kimanin 0.4 kowane gefe a gindin azzakarin, wajen ƙarfe 10 da ƙarfe 2 in an kwatanta da fuskar agogo. Kafin a tura, sai an ɗan ja sirinjin baya a ga babu jini, don in maganin ya shiga jijiya yana iya kawo jijjiga. A jira minti 3 zuwa 5, a ɗan matsi bakin loɓar da ƙarfe a gani. In ya zabura, a ƙara jira. Ɗan ruwan sukari a harshe yana rage kuka, amma ba ya tsayawa a madadin allurar.

Ga jarirai, zoben roba da ake kira Plastibell shi ya fi yawa a asibitocinmu. A kama bakin loɓar da ƙananan ƙarafa biyu. A zura na uku a hankali ta sama a raba fatar da kan, domin a jariri manne suke da juna, kuma haka halitta take, ba ciwo ba ne. Dole bakin ƙarfen ya riƙa ɗaga fata ana ganinsa, kada ya faɗa ƙofar fitsari. A danne fatar sama da ƙarfe na ɗan lokaci don jini ya janye, a tsaga ta kan wannan layi, a zame ta baya, a goge farin maiƙon da ke ƙarƙashi. A nan ake sake duba ƙofar fitsari karo na biyu, tunda yanzu kan ya fito fili. In an ga matsala, a tsaya.

Zoben girma-girma ne, daga santimita 1.1 zuwa 1.7, kuma zaɓen girman shi ne gwanintar aikin. In ya yi ƙanƙanta zai danne kan, ya ji masa rauni ko ya tare fitsari. In ya yi girma kan zai zarce ta cikinsa, zoben ya koma baya ya shaƙe azzakarin. Wanda ya dace yana rufe kusan kashi biyu cikin uku na kan. A ɗora shi, a jawo fatar ta rufe shi, a ɗaure zare a cikin kwarmin zoben da ƙarfi sosai, a datse fatar da ta wuce zaren, a karya mariƙin. Zaren ne ke tsayar da jini, shi ke kashe ragowar fatar har ta faɗi tare da zoben. Ɗauri mai sako-sako shi ne babban dalilin zubar jini bayan an koma gida. Akwai kuma masu aiki da matsin ƙarfe irin Gomco, wanda ake ɗaurewa minti 5 kafin a yanka, a cire shi nan take. Da irin wannan ƙarfe ba a taɓa haɗa na'urar ƙona jijiya ta lantarki, don wutar na bi ta ƙarfen ta cinye azzakarin baki ɗaya.

Ba ma sallama nan take. A ba shi nono, a zauna kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, mu buɗe mu ga a bushe yake. Abu biyu muke roƙon uwa ta tsare a daren farko: jini da fitsari.

Jinin jariri kaɗan ne, wajen mililita 80 zuwa 85 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 3 duk jinin jikinsa kimanin mililita 250 ne, wajen rabin ledar fiya wata ke nan. In ya zubar da cikin babban cokali biyu, ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100. Famfas kuma yana shanye jini ya ɓoye shi, uwa na ganin yaro ya yi shiru tana cewa barci yake. Shi ya sa muke cewa a buɗe a duba kowace awa a sa'o'in farko, sannan duk lokacin shayarwa har gari ya waye. Ɗigo-ɗigo a jikin famfas ba komai. Tabon da ya fi murfin kwalbar lemo faɗi, ko jinin da ke ɗiga, a sa ƙyalle mai tsabta a matse wurin da yatsu biyu minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Yawanci daga ƙasan kai yake fitowa, inda wata 'yar jijiya take. In bai tsaya ba, a ci gaba da matsewa a cikin Keke har asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Kada a jira asuba. Yaron da leɓensa ya yi fari, hannu da ƙafa suka yi sanyi, ya kasa tsotso, jini ya riga ya zuba da yawa.

Fitsari kuwa, in awa 8 ta wuce famfas a bushe, ko yaro na yunƙuri yana kuka mara ta kumbura, a dawo. Sau da yawa zoben ne ya toshe ƙofar, ko bandeji ya matse.

Sauran jinyar mai sauƙi ce. A wanke da ruwan ɗumi zalla duk lokacin da aka canza famfas, a bar shi ya sha iska, a shafa basilin a kan da kuma gaban famfas don kada ya manne. Basilin ɗin nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: kan da aka buɗe yana gogar famfas mai fitsari, bakin ƙofar ya yi ja, ya warke da tabo, bayan shekaru a ga yaro yana fitsari siriri yana harba sama yana daɗewa. Shafawar na rage wannan, don haka a ci gaba da ita bayan ciwon ya warke. Bayan kwana biyu ko uku za a ga wani abu fari-fari mai ruwan ɗorawa ya lulluɓe kan. Ba mugunya ba ce, warkewa ce, kada a kankare. Mugunya tana zuwa da wari, da jan da ke yaɗuwa zuwa mara, da kumburi, da zafin jiki. Zafin da ya kai digiri 38 a jaririn da bai cika wata 3 ba na asibiti ne a ranar.

Fatar da ke gaban zaren za ta yi baƙi ta bushe irin yadda cibiya ke yi, zoben ya faɗi da kansa, galibi tsakanin kwana 5 da 8. Ko yana reto da ɗan zare, kada a ja. In ya kai kwana 10 bai faɗi ba, ko aka ga ya zame ya koma tsakiyar azzakarin kan ya kumbura, a kawo a yanke shi a cire. Abin da muke roƙon kakanni musamman: ban da toka, ban da ƙasa, ban da kashin shanu, ban da garin kafso, ban da man zafi da kafur. Ƙasa da kashin dabba su ne gidan ƙwayar sarƙe-haƙora, wato tetanus. Man zafi da kafur kuwa suna fasa jinin wasu jarirai su jefa su cikin shawara mai tsanani. Gashi da tsumma mai zafi yana ƙona fata. Kuma saboda sanyi kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Har yanzu gidaje da yawa suna bin tsarin da muka gada, a bar yaro ya kai shekara 6 ko 7, a tara 'yan shayi lokacin hunturu, a kira wanzami. Hikimar sanyin a fili take, gumi kaɗan, ƙuda kaɗan. Amma yaro mai wannan shekaru jijiyoyinsa sun yi girma, yana buƙatar a ɗaure su a yi ɗinki, kuma yana fizge-fizge. Mummunan rauni, wato a haɗa da kan azzakari ko a huda hanyar fitsari, yawanci yana faruwa ne in an ja fata an yanka ba a ga kan ba. Ko a asibiti, salon da ake danne loɓa da ƙarfe a yanka ta samansa ba a yarda a yi wa yaron da bai kai shekara 15 ba, sai dai a tsaga a buɗe ana gani. In tsautsayi ya sa an yanke wani yanki na kan, kada a binne shi. A naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a matse ciwon, a nufi babban asibiti nan da nan. Ana iya mayar da shi in an isa da wuri.

Wanda ya zaɓi wanzami, ya tsaya a kan aska ɗaya yaro ɗaya, sabuwa, a buɗe ta a gabansa, da sabuwar safar hannu. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma goge aska da sifirit ba ya kashe ta tabbas. Ƙarafan da ake maimaitawa sai an wanke an turara su a tukunyar asibiti mai zafin digiri 121, ko aƙalla a tafasa minti 20. A duba katin rigakafin yaro, in yana da sikila a faɗa tun kafin ranar, don shi a asibiti ya kamata a yi masa. Duk wannan magana ta maza ce. Kaciyar mata ba ta da wani amfani ga lafiya, illa ce zalla, kuma dokar tarayya ta 2015 ta hana ta.

Manya ma suna zuwa, a ɓoye galibi, da kunya. Wani ya musulunta ne, wani loɓarsa ta matse ba ta zamewa, wani kuma kan ne ke yawan kumbura yana tsagewa. Wannan na ƙarshe kafin komai muna gwada masa suga, don sau da yawa ta nan ciwon suga ke fara nuna kansa, kuma in sugan bai sauka ba ciwon ba zai warke da kyau ba. Muna auna hawan jini, mu tambayi magungunan da yake sha, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini, mu duba ko akwai gyambo ko ciwon sanyi a yi maganinsu tukuna, mu tabbatar da rigakafin tetanus. Wanda loɓarsa ta zame baya ta maƙale, kan ya kumbura, wannan ba ya jiran layi.

Babba idonsa biyu ake yi masa kaciyar. Lissafin allurar ɗaya ne, miligiram 3 ga kilo, wato mai kilo 60 bai wuce mililita 18 na mai ƙarfin kashi 1 ba. A zana layin yanka da alƙalami tun fatar na kwance, don in an cire da yawa zai riƙa jin ja da zafi in gaba ya miƙe. A yanka, a bi jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Wajen rabin awa ne. Jijiya ɗaya da aka manta ita ke tara gudan jini cikin dare, a wayi gari azzakari ya kumbura ya yi baƙi. Bandeji na kwana 2 a bushe, sannan a cire, a dawo dubawa a kwana na 7. A sa ɗan kamfai mai kama jiki azzakarin na kallon sama, kumburi ya fi saurin sauka. Miƙewar dare ita ke fi damun mutane a satin farko: a rage shan ruwa dab da barci, a yi fitsari kafin a kwanta, a kwanta ta gefe gwiwa a lanƙwashe. Mai aikin ofis na iya komawa bayan 'yan kwanaki, mai dako ko mai aikin gini ya ba shi aƙalla sati ɗaya.

Sai maganar da muke maimaitawa sau biyu kafin ya tashi: "Malam, sati 6 ba a kusantar iyali, ko ka ga ya bushe." Sabuwar fatar ba ta yi ƙwari ba, tana yagewa, kuma a wannan tsakani cuta ta fi saurin shiga da fita. Wanda ke shirin aure ya lissafa da wannan kafin a sa rana.

Game da ƙanjamau, gwaje-gwaje uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, da Kisumu ta Kenya, da Rakai ta Yuganda, waɗanda aka fitar da sakamakonsu tsakanin 2005 da 2007, sun nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya ɗauki cutar daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin kariya a 2007. Ragi ne, ba katanga ba. Galibin mazan Najeriya, Musulmi da Kirista, da kaciyarsu, cutar kuma tana nan a cikinmu. Namijin da ya riga ya kamu, kaciya ba ta hana shi sa wa matarsa, in ma ya kusance ta ciwon bai warke ba haɗarinta ƙaruwa yake yi. Shi ya sa muke ba kowane babba shawarar gwaji kafin aikin, in ya yarda, mu kuma rubuta masa ranar cikar sati shidan a jikin katinsa, ya dawo a duba kafin ya koma shimfiɗarsa.